Daga maɓallin SAT zuwa allon Android: inda ya kamata a ja wa rediyon mota wuta

Motoci da yawa da aka shigo da su daga Amurka, irin su Camry, Accord da Vibe, suna zuwa da wani maɓalli a jikin rediyonsu da aka rubuta SAT, ko XM, ko SIRIUS. Idan aka danna shi, babu abin da ke fitowa sai shiru, ko allon ya nuna babu sigina. Wasu masu motocin kan ɗauka rediyon ne ya lalace, wasu kuma su yi ta neman wanda zai buɗe musu shi kamar yadda ake buɗe wayar salula da aka kulle. Rediyon lafiyarsa ƙalau. Maɓallin na rediyon tauraron ɗan'adam ne, kuma taurarin da yake nema ba Najeriya suke haskawa ba.

Saboda haka matashin da ya mallaki irin wannan mota a Paki, ko Makarfi, ko Hunkuyi, abin da ya fi yi shi ne ya nemi madadi. Ya cire tsohon rediyon ya sa allon Android, ko ya bar shi ya ƙara masa na'urar Bluetooth. Daga nan sai cajar waya mai sauri, sai kyamarar gaban mota, wani ma har da na'urar bin sawu saboda ɓarayi. Kowace ɗaya a cikinsu wuta take so, ramin laita kuwa guda ɗaya ne. Nan ake fara tunanin a ja wa na'urar wuta kai tsaye daga wayoyin mota.

Aikin ba shi da wuya, kayansa ma ba su da tsada. Amma wurin da aka ɗauko wutar, da abin da aka sa tsakaninta da na'urar, su ne ke raba aikin da zai yi shekaru lafiya da wanda zai kwantar da batir cikin kwana uku, ko ya tayar da hayaƙi a ƙarƙashin sitiyari.

Me ya sa SAT ba ya kamawa

Kamfanoni biyu ne suka fara wannan harka a Amurka. XM ya fara watsa shirye-shirye a 2001, Sirius ya biyo baya a 2002, sannan suka haɗe a 2008 suka zama SiriusXM. Taurarinsu suna aiko da sigina a zangon da ke kusa da gigahaz 2.3, kuma an saita su ne su haska Arewacin Amurka. Mai sauraro a can yana biyan kuɗin wata, kamar yadda ake biyan DStv ko StarTimes a nan. Babu wata manhaja ko lambar sirri da za ta sa siginar ta iso Ikara, domin tun daga sama ba a turo ta wannan ɓangaren duniya ba.

Afirka ta taɓa samun nata. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990, aka harba tauraronsa mai suna AfriStar a watan Oktoban 1998, shirye-shirye suka fara a 1999. Kamfanoni irin su Hitachi, JVC, Panasonic da Sanyo ne suka ƙera rediyoyin farko, masu ƙaramar eriya da sai an saita ta tana kallon tauraron. An fi yin su don gida da tafi-da-gidanka, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanen da aka yi abin dominsu. A watan Oktoban 2008 kamfanin ya shigar da takardun karyewar arziki a kotun Amurka.

Yau wayar salula ce ta gaji wannan gurbi. Da ita ake sauraron BBC Hausa, da Freedom Radio, da karatun malamai, da waƙoƙi, ko ta intanet ko daga abin da aka sauke aka ajiye. Na'urar da ke kai sautin wayar zuwa sifikun mota kuwa, buƙatarta ta wuta iri ɗaya ce da ta ƙaramin rediyon tauraron da Amurkawa ke saya su maƙala a dashbod. Matsalar da suke fuskanta wajen ja masa wuta ita ce ake fuskanta a nan.

Laifin ramin laita

Ramin laita an ƙera shi ne don kunna sigari, daga baya aka mayar da shi soket. Kan caja ba ya zama daram a cikinsa, ƙarfen sifirin ne kawai ke riƙe da shi. A kan kwalta mai kyau, kamar babban titin Zariya zuwa Kano, babu damuwa. Amma da zarar an sauka daga titi an kama hanyar gona, inda ake ɗauko rake a yankin Makarfi ko tumatir a Kudan, kowane rami sai kan cajar ya motsa. Bluetooth ya yanke, kyamara ta mutu ta sake kunnuwa, waya ta yi ta ƙarar shiga caji da fita. Ƙurar hunturu da tsatsa suna ƙara dagula haɗin, haɗin da bai zauna ba kuma zafi yake yi, shi ya sa ake ganin kan caja ya narke.

Akwai kuma bambanci tsakanin motoci. A yawancin Toyota da Honda, ramin laita yana mutuwa da zarar an cire makulli. A wasu motocin Turai da na Amurka kuwa yana nan da wuta dare da rana. Duk abin da aka manta a soke a ciki, batir yake sha har gari ya waye.

Wuta biyu ce a cikin mota

Kafin a taɓa kowace waya, dole a fahimci wannan. Akwai wutar da ke zuwa daga batir kai tsaye, ba ta ɗaukewa ko an kashe mota. Ita ke riƙe da agogo, da hon, da fitilar cikin mota. Akwai kuma wutar makulli, wadda ba ta zuwa sai an murɗa makulli zuwa ACC ko ON. A motocin da ake tayarwa da maɓalli, dannawa ɗaya ba tare da taka birki ba ita ce ACC.

Rediyon da ake saya a sa, ko allon Android, duka biyun yake buƙata. A tsarin da yawancin kamfanoni ke bi, waya mai ruwan ɗorawa ta wutar batir ce, ita ke riƙe tashoshin da aka ajiye da lokaci. Ja ta makulli ce, ita ke gaya wa rediyon ya tashi ko ya kwanta. Baƙa ta jikin mota ce, wato nagetif. Shuɗiya kuma ita ke kunna eriya ko amfilifaya.

Gajeriyar hanyar da ake yawan bi ita ce a murɗe ja da mai ruwan ɗorawa wuri ɗaya a haɗa su da wutar batir. Rediyo ya kama, kiɗa ya tashi ko babu makulli, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Abin da bai sani ba shi ne rediyon ya daina sanin an kashe mota. Ko an danna maɓallin kashewa, allon Android ƙaramar kwamfuta ce, sau da yawa fuskar ce kawai ke yin duhu, cikinta na nan yana aiki.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauki batir da aka rubuta 60Ah a jikinsa, da na'urar da ke shan rabin amfiya. A awa 24 ta sha 12. A kwana uku ta sha 36, fiye da rabin batirin ke nan, kuma batirin mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba. Duk lokacin da ya kwanta ƙasa sosai, wani abu na ƙarfinsa ya tafi ke nan, ko an sake cika shi. Mai motar da ke ajiye ta kwana biyu ko uku sai ranar kasuwa, shi zai fi jin wannan. Ya loda kaya da asuba, ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas. Idan mai giyar hannu ce a nemi masu turi. Idan otomatik ce turi ba ya yi mata, sai an samo wani batir, kasuwa kuma ba ta jiran kowa.

Ƙa'idar ita ce, duk na'urar da ake amfani da ita lokacin tuƙi kawai, irin su Bluetooth da caja, a ba ta wutar makulli. Wutar batir ta na'urar bin sawu ce, da wayar ajiyar rediyo, da kyamarar da ake so ta yi gadin mota a ajiye. Ita ma kyamarar, sai da irin wayar da ke da ɗan akwatin da ke yanke wuta idan batir ya sauka kusa da 12V ko ƙasa da haka kaɗan.

Kan caja ba ado ba ne

Kuskure na biyu ya fi saurin nuna kansa. Mutum ya ga kan caja mai kauri yana cin wuri, sai ya sa almakashi ya yanke shi, ya fere wayoyin biyu ya haɗa su da wutar mota. Da kunnawa na'urar ta yi wari ta mutu.

Dalili shi ne batirin mota a cike yana ba da kusan bolt 12.6, idan inji na aiki kuma altaneta kan ɗaga shi zuwa wajen bolt 14. Kyamarar gaban mota, da duk abin da ke shan wuta ta USB ta asali, da yawancin ƙananan rediyoyin SiriusXM na maƙalawa, bolt 5 suke so. Abin da ke rage wutar daga 12 zuwa 5 yana cikin wannan kan cajar da aka yanke aka yar. An je neman gira an rasa ido.

Kafin a yi komai, a juya na'urar ko kan cajar a karanta rubutun jikinsa. Idan an ga wutar shiga 12V ce, wutar fita 5V, to kan cajar yana aiki, ba a raba shi da na'urar. Hanyoyi biyu ne masu kyau. Ta farko, a sayi ramin laita na daban, irin mai wayoyi biyu a bayansa, a ja masa wuta daga akwatin fiyus, a soka kan cajar na asali a ciki, a naɗe su tare da baƙin tef yadda ba za su rabu ba, sannan a ɓoye su bayan dashbod. Ta biyu, a sayi wayar da aka yi musamman don wannan aiki, mai ɗan akwati a tsakiya da ke rage wutar zuwa 5V. Ana neman irin waɗannan kaya wajen masu kayan wutar mota a Sabon Garin Zariya, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Gara a tafi da hoton abin a waya, domin sunan da ake kiransa ya bambanta daga shago zuwa shago.

Masu manyan motoci su ƙara lura. Tirela da tifa da yawancin manyan motocin dizal 24V suke amfani da shi, daga batir biyu da aka jera. Na'urar 12V ba ta jure wannan. Jan wuta daga batir ɗaya cikin biyun kuma yana sa ɗaya ya riƙa gajiya fiye da ɗan'uwansa, a ƙarshe duka biyun su lalace. Abin da ya dace shi ne na'urar da ke rage 24V zuwa 12V.

Fiyus waya yake karewa

Mutane da yawa sun ɗauka aikin fiyus shi ne kare rediyo. Babban aikinsa kare waya ne, da motar da wayar ke ratsawa. Batirin mota yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya a lokaci ɗaya, da haka yake juya inji. Duk ƙarfen jikin mota nagetif ne. Idan siririyar waya mai ɗauke da wutar batir ta goge da gefen ƙarfe har robarta ta huje, wannan ƙarfin gaba ɗaya zai bi ta cikinta. Cikin daƙiƙoƙi za ta yi ja, robar ta kama, sai kafet da soson kujera. Fiyus shi ne raunin da aka sa da gangan, don ya tsinke kafin wayar ta yi zafi.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, fiyus yana zama ne kusa da inda aka ɗauko wutar. Idan daga kan batir aka ja, kamar yadda ake yi wa amfilifaya da wufa, to fiyus ɗin ya kasance dab da batirin, kada tazarar ta wuce tsawon kamu ɗaya, domin duk wayar da ke gabansa ba ta da kariya. Fiyus ɗin da ke bayan rediyo ba ya kare doguwar wayar da ta ratso daga wajen inji. Na biyu, girman fiyus ya dace da kaurin waya da abin da na'urar ke sha. Cajar da ke ba da wat 30, idan aka raba da bolt 12, amfiya biyu da rabi ke nan. Fiyus na 5A ya ishe ta. Idan aka sa mata na 30A a kan siririyar waya, wayar ce za ta riga fiyus ɗin narkewa.

Launin fiyus yana faɗin girmansa: ja 10A, shuɗi 15A, ruwan ɗorawa 20A, kore 30A, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske 5A. Kuma lambar na rubuce a kansa. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbin fiyus da ya ƙone, daidai take da cire fiyus ɗin gaba ɗaya a bar wutar a sake. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Idan an sa sabo ya sake ƙonewa, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe, can za a nema. Hatsarin ya fi girma ga motocin haya da ke ɗaukar galan ɗin fetur a but.

Yadda aikin yake idan an yi shi daidai

Wuri mafi tsabta na ɗaukar wuta shi ne akwatin fiyus na cikin mota, wanda galibi yake ƙarƙashin sitiyari ko a gefen dashbod. Akwai wani ɗan abu da ake sokawa a gurbin fiyus, mai ramuka biyu a bayansa da waya ɗaya da ta fito, kamar fiyus mai goyo. Ramin ƙasa na tsohon fiyus ne, na sama kuma na sabuwar na'ura. Da shi ba a yanke wayar mota ko ɗaya, kuma ranar da za a sayar da motar sai a zare shi a mayar da fiyus yadda yake. Fiyus na mota girma-girma ne, akwai babba, da ƙarami, da gajere, don haka a zaro ɗaya a tafi da shi kasuwa a gwada.

Kayan aiki su ne mitar gwajin wuta ko fitilar gwaji, filaya, sukundireba, baƙin tef mai kyau da ɗaurin roba. Ga tsarin:

1. A duba zanen da ke murfin akwatin fiyus. Waɗanda aka rubuta CIG, ACC, RADIO ko P/OUTLET su ne aka fi ɗauka. Kada a kusanci SRS ko AIRBAG, da ABS, da EFI ko ECU, da na famfon mai. Waɗannan na jakar iska ne, da birki, da ƙwaƙwalwar inji.

2. A tabbatar da mita, kada a dogara da rubutu kawai. A ɗora baƙin tsinken mita a ƙarfen mota, jan kuma a kan ɗan ƙarfen da ke leƙowa a bayan fiyus. Idan babu makulli kuma mita ta nuna 12, wutar batir ce. Idan sifili ne har sai an murɗa makulli, ta makulli ce.

3. A gano fuskar da ta dace. Gurbin fiyus ramuka biyu ne, ta ɗaya wuta ke shigowa. Gwajin mai sauƙi ne: a sa sabon fiyus kawai a ramin sama, a bar na ƙasa babu komai, a soka, a murɗa makulli. Idan wayar da ta fito tana da wuta, an sa daidai. Idan babu, a juya shi. Wanda aka sa a juye yana aiki, amma nauyin na'urorin biyu zai hau kan tsohon fiyus ɗin.

4. A kashe mota, a cire kan batir na nagetif kafin a fara haɗa wayoyi. Masu Honda na shekarun 2000 su fara tabbatar suna da lambar rediyonsu, domin da yawansu kan nemi lambar idan wuta ta yanke.

5. A ɗaure baƙar waya a wani noti da ke shiga ƙarfen jikin mota. Sukurun da ya shiga roba ba ya aiki. Idan akwai fenti ko tsatsa a kankare har ƙarfe ya fito. Rashin kyawun wannan haɗi na cikin manyan dalilan kukan nan mai kama da busa da ke tashi a sifika duk lokacin da aka taka totur.

6. A haɗa wayoyi da dalma ko da maƙalin da ake matsewa da filaya, sannan a rufe. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef mai araha ba ya jure zafin Maris da Afrilu. Motar da ta wuni a rana gam ɗin tef ɗin narkewa yake, tef ya warware, waya ta fito tsirara.

7. A bi da wayar nesa da fedar birki da kuloci da sandar sitiyari, a ɗaure ta kada ta yi lilo. Idan za ta ratsa bangon ƙarfe zuwa wajen inji, ta bi ta ramin da ke da zoben roba.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi launi. A bayan rediyo, ruwan ɗorawa na nufin wutar batir. A ƙarƙashin sitiyari da kujeru kuwa, soket da bututun waya masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne. Ba a fere su, ba a soka musu fitilar gwaji. Jakar na iya fashewa a fuskar mai aiki, ko ta ƙi fita ranar hatsari.

Golf, Sharon da batun tashoshi

Masu Golf da Sharon da Vectra suna da tasu matsalar. Motocin Turai suna amfani da soket ɗin rediyo na bai-ɗaya, amma a yawancin Volkswagen da Opel an musanya gurbin wutar batir da na makulli. Alamar ita ce duk lokacin da aka kashe mota, sabon rediyo ya manta tashoshi da lokaci. Maganin shi ne a musanya ja da mai ruwan ɗorawa a wayar rediyon, kuma yawancin wayoyin da ke zuwa da rediyo suna da mahaɗi a tsakiya don wannan. Haɗe su wuri ɗaya gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Shuɗiyar waya ma ana yawan mantawa da ita. Motoci da yawa, musamman masu eriya a jikin gilashi ko a bayan rufi, suna da ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sigina da ke buƙatar wuta. A tsakiyar Kano ko Zariya ba lallai a lura ba, domin tashoshin na kusa. A Paki da ƙauyukan da ke kewaye, inda siginar FM ke zuwa daga nesa, rashin wannan haɗi shi ne bambancin sauti mai tsabta da shuuu. Caja mai araha ma tana fitar da hayaniyar da ke danne FM. Idan tasha na ɓacewa da zarar an soka caja, cajar ce mai laifi.

Masu son zangon AM su tambaya kafin su saya, domin allunan Android masu araha da yawa FM kaɗai suke da shi. Tsohon rediyon Amurka kuma yana tsallake tashoshin AM goma-goma, alhali a Afirka da Turai tara-tara ake jera su. Shi ya sa Rediyon Tarayya na Kaduna da ke kan 594 ba ya zama daidai a kansa, sai dai 590 ko 600.

Gwajin ƙarshe

Bayan an gama, a cire makulli a ga ko na'urar ta mutu. Wanda yake da mita zai iya ƙarin gwaji: a saita ta a 10A, a cire kan nagetif, a sa mitar tsakanin kan batir da wayar da aka cire, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 20 zuwa 30 kwamfutocin mota su kwanta. Mota mai lafiya ba ta cika wuce 0.05A ba. Idan an ga 0.3 ko 0.5, akwai abin da ke sha a ɓoye. A riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, nan ɓarawon yake. Kada a kuskura a tayar da mota mitar na haɗe a haka, za ta ƙone.

Ba kowa ne zai yi aikin da hannunsa ba, kuma kai mota wajen mai gyaran wuta, wato rewaya, ba gazawa ba ce. Akwai ƙwararru a garejin kowane gari, daga Ikara har Tashar Yari. Abin da ya rage wa mai mota shi ne ya tsaya a wurin, ya yi tambaya huɗu cikin ladabi kafin a mayar da dashbod. Malam, daga wane fiyus aka ɗauko wutar? Tana ɗaukewa idan an cire makulli? Ina fiyus ɗin sabuwar wayar, kuma na nawa ne? Ina aka ɗaure nagetif? Mai gyaran da ya san aikinsa zai nuna kowanne da yatsa. Idan amsar ita ce "ai ba ya buƙatar fiyus", gara a biya kuɗin abin da aka riga aka yi a nemi wani.

Yana da kyau kuma a ɗauki hoton akwatin fiyus da waya kafin aiki da bayansa, a ajiye fiyus biyu ko uku na 5A, 10A da 15A a aljihun dashbod. Kuɗinsu duka ba shi da yawa, sabon batir kuwa kowa ya san yadda farashinsa yake a yanzu.